Tsahara Ta Ƙi Bin Alƙalamina

Dare ya raba a Garin Malam,
an ɗauke wuta tun bayan lisha,
ni da kaye da fitilar waya
ina ƙera mace da shuɗin bik.

Na raɗa mata Tsahara.
So na yi ta faɗo kamar aradu,
ta tsaya ƙofar meri, yatsa a sama,
ta zubo manyan kalmomi masu takalmi
irin waɗanda rediyo ke tauna da safe.
A shafi na tara ta isa gaban mai kujera,
sai na gan ta a durƙushe.

Na ce, tashi, ba haka na tsara ki ba.
Ta ce, to wa ya raine ni?
Ba uwarki kika ara mini ba?

Na soke layin. Ya sake tsirowa.

A gidanmu zancen duniya a zaure yake kwana.
Baba, da Laminu, da baƙin Baba,
shayi zagaye uku,
gwamnati ta faɗi, ta tashi, ta kuma faɗuwa,
ni ina bakin ƙyaure da faranti.
An ce in ajiye in juya.
Na juya. Kunne ne bai iya juyawa ba.

Laminu aka koya wa gardama.
Ni ƙirga aka koya mini:
jarka nawa ta shigo, nawa ta saura,
ruwan wankin shinkafa ya wanke kwano,
na kwano ya je gindin zogale.
Inna ba ta taɓa furta kalmar zalunci ba.
Gawayi take ɗauka,
ta ja layi a bango, bayan randa,
duk ranar da famfo ya yi tari bai tofa komai ba.

Shafi na goma, na sakar wa Tsahara linzami.
Ta gaishe shi da gajiya, da iyali, da aiki,
har ya saki kafaɗa ya gyara zama.
Sannan ta kwance haɓar zane,
ta jera takardun kuɗin ruwa a kan tebur
kamar mai kasa tumatir a kasuwar Dole.
Ranka ya daɗe, ni lakwal ɗina bai yi nisa ba.
Kwana ɗari da sha ɗaya babu ɗigo,
takarda kuwa ba ta taɓa ɓatan hanya ba.
Na zo ne a taya ni lissafi.

A waje matan Birni da na Zango
sun zauna kan jarkokinsu, ba waƙa, ba guɗa.
Wata ta buga tata da tafin hannu.
Wofi ya amsa wa wofi har bakin titi.

Amma kada in yi mata ƙarya.
Sai da ta kwashe tuwo kafin ta fito,
sai da ta nemi izini da muryar zuwa barka,
inuwa na karkata ta fara duban hanya,
ta bar zancen a rabi saboda tukunya.
Na ji haushi har na ciji bik.
Igiyar da ta ja guga da ita,
ita ce dai a ƙafarta.
Na nemi inda zan yanke, ban samu ba.

Da hantsi na karanta wa Inna,
tana tsince wake, ido ya yi rauni.
Ba ta tanka ba sai da na rufe kaye.

Ta ce, ɗari da sha huɗu ne,
kin tsallake kwanakin Sallah.

Ta busa ƙaiƙayi daga faifai.
Ta ce, gaisuwar nan kuma ta yi tsawo.
Rage ta.
Ni da za a mayar da ni,
a tsaye zan yi ta.